Daga Jinka Zuwa Kwano: Tarihin Zafin Ɗakunanmu a Zangon Tamale

Wani dare cikin watan Maris, ina tsakiyar shirin da muke buɗe layi jama'a su bugo su faɗi abin da ya dame su, sai wata dattijuwa ta kira daga Zango. Na zaci maganar ruwan famfo za ta yi, domin ita ce ta cika layin a wannan makon. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Ɗana, tambaya gare ni. A da ba mu da fanka, muna barci. Yanzu kowane ɗaki da fanka, ba ma barci. Rana ce ta sauko, ko mu ne muka hau?"

Na yi dariya, na ce, "Hajiya, ai sauyin yanayi ne, duniya duka ta ƙara zafi." Ta ce, "To, Allah Ya kyauta," ta ajiye waya. Daga muryarta na gane amsar ba ta gamsar da ita ba. Ni ma da na koma gida wajen ƙarfe sha ɗaya, na buɗe ɗakina na ji iska mai ɗumi ta bugi fuskata kamar na leƙa gidan burodi, sai na san rabin amsa na ba ta. Sauyin yanayi gaskiya ne. Amma ɗakin da Hajiya take kwana a ciki yau ba shi ne wanda ta kwana a ciki tana yarinya ba, ko da kuwa fili ɗaya ne, gida ɗaya.

A ƙasashen Turai ana yawan maganar bin tsofaffin gidajen unguwa guda a gyara su, a sauya rufi da tagogi da fitilu, don su rage shan wuta. Wani zai ga kamar wannan zance bai shafe mu ba. Ni kuwa da na zauna da dattawa, na kuma duba abin da aka rubuta, sai na ga mu a Tamale mun yi irin wannan gyara har sau uku cikin shekarun da ba su kai ɗari ba. Biyu daga ciki kowa ya yi nasa shi kaɗai, ɗaya kuma aka yi shi tare. Bambancin sakamakonsu shi ne dalilin wannan rubutu.

Zangon da fatake suka gina

Kafin Tamale ta zama birni, Salaga ce babbar kasuwar wannan yanki. Can ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke sauka su sayi goron Gwanja. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya watsa mutanenta, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi. Da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu na arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale a 1907, sai garin ya fara jan 'yan kasuwa da mahauta da malamai. Hausawa da Mosawa da sauran baƙi suka kafa zangonsu kusa da masu gari, Dagombawa.

Abin da ƙasa ta bayar, da shi aka yi gini. Dagombawa suna da ɗakunansu masu zagaye da jinka a kai, an haɗa su da katanga sun kewaye tsakar gida. Mutanenmu suka zo da zaure da ɗaki mai kusurwa huɗu, amma kayan aikin ɗaya ne: jar ƙasa, ciyawa, itace, da hannun maƙwabta. Kakana ya sha gaya mini cewa bangon ɗakin da aka haife shi ya kai kamu guda a kauri.

Hikimar wannan gini ba boyayya ba ce. Bango mai kauri a hankali yake shan zafi, kafin zafin ya ratsa shi ya shiga ciki rana ta yi sanyi. Jinka kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ƙarfe, iska tana bi ta tsakanin ciyawa ta fice da ɗumin da ya taru a sama. Ga darbejiya ko mangwaro a tsakar gida, ga daɓen ƙasa da ake yayyafa wa ruwa da yamma.

Kada wanda bai rayu a ciki ba ya mai da shi aljanna. Gobara ɗaya a hunturu tana iya lashe gida goma kafin a ɗebo ruwa. Gara tana cin itacen rufi. Ɓera da kunama suna samun maɓoya. Duk shekara sai an yi yaɓe, bayan shekara biyu ko uku sai an sake jinka, kuma da gari ya yi ta faɗaɗa sai ciyawar ta yi ta nisa, kuɗinta yana hawa. Waɗanda suka rabu da jinka ba wawaye ba ne, wahala ce ta ishe su.

Gyara na farko: kwano

A gidanmu an san shekarar da aka buga kwano, domin kakana yakan ce, "shekarar da Acheampong ya karɓi mulki," wato 1972. Shanu ya kai Kumasi, ciniki ya yi kyau, ya dawo da bandir ɗin kwano a mota. Kakata ta ce ranar da kafinta ya gama, mata sun yi ta shigowa yi mata barka kamar ta haihu.

Kwano ya kashe tsoron gobara, ya hutar da mutane daga neman ciyawa, ya ba mata damar tarar ruwan sama a garwa da randa. Ya kuma zama shaidar arziki. Idan maƙwabcinka ya buga kwano kai kana cikin jinka, ko neman aure ɗanka ya je sai an yi maganar. Haka gida bayan gida, layi bayan layi, daga Zango zuwa Sabonjida da Aboabo da Lamashegu, rufin gari ya sauya ba tare da wata hukuma ta ba da umarni ba.

Abin da ba a lissafa ba shi ne zafi. Kwano siriri ne, da rana ta buge shi sai ya zubo zafin kai tsaye a kan wanda ke ƙasa. Mai hali ya sa silin, amma yawancin mutane kuɗinsu a kan kwanon ya ƙare. Idan ya tsufa ya yi tsatsa, sai ya ƙara shan rana. Ga kuma iskar farkon damina, wadda kusan duk shekara sai ta yaye rufin gidaje da makarantu a wannan gari.

Gyara na biyu: siminti

Bayan kwano sai bulo. Gari yana cika, a ƙidayar 2010 mutanen ƙaramar hukumar birnin Tamale sun haura 370,000, kowa kuma yana neman ɗakin haya. Mai gida ya duba ya ga bangon ƙasa yana cin fili, bulo mai inci biyar ko shida kuwa zai ba shi ƙarin ɗaki. Aka rushe, aka sake. Bishiyar tsakar gida ta zama cikas, aka sare ta aka gina ɗaki biyu a gurbinta. Aka shafe tsakar gidan da siminti don a huta da caɓi. Taga ta koma 'yar ƙarama saboda ɓarayi da sauro, wata ma tana kallon bangon maƙwabci ne.

Nan ne zafi ya tashi daga matsalar gida ɗaya ya zama matsalar unguwa. Simintin tsakar gida da bangon bulo suna shan rana yini guda, da dare su yi ta amayar da ita. Bishiyar da maƙwabcinka ya sare, har bangonka take yi wa inuwa. Ɗakin da ya ƙara ya tare iskar da take shigo maka. Ruwan sama da ƙasa take shanyewa a da, yanzu ba shi da wurin shiga, sai ya bi lungu ya cika kwata ya faɗa gidan wanda ke gangare.

Waɗanda ba su rushe ba sun yi wata dabara, suka shafe bangon ƙasa da siminti don su huta da yaɓe. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan dabara ya je Larabanga, kusa da Damongo, ya tambayi tarihin tsohon masallacin garin. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da niyyar kare shi. Simintin ya hana bangon numfashi, laima ta taru a ciki, gara ta samu itacen ginin. Da wata guguwa ta zo a shekarar 2000, wani sashe ya rushe. Sai da aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa, da taimakon hukumar gidajen tarihi ta Gana da wata cibiyar kula da tsofaffin gine-gine ta duniya, sannan masallacin ya tsaya. Irin wannan ciwon yana cikin bangaye da yawa a Zango, suna sheƙi a waje, cikinsu ya ruɓe.

Shi kansa simintin ba daga sama yake faɗowa ba. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa shi yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Yashin da ake buga bulo da shi kuma, da yawa daga bakin Farin Volta tifofi suke kwaso shi, wajen Nawuni, inda ake jan ruwan da ake tacewa a Dalun a turo mana Tamale. An daɗe ana kuka cewa haƙar yashin tana gurɓata ruwan. Ashe masu bugo waya kan famfo da Hajiya mai tambaya kan zafi, bakin zarensu ɗaya ne.

Da wuta ta iso

An kammala madatsar Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah. Tafkin da ta haifar ya tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Kete-Krachi, garin da shahararren malaminmu Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Ruwan da ke cika tafkin daga arewa yake gangarawa, amma wutar kudu ta fara haskawa, kaso mai yawa kuma kamfanin narkar da alminiyam na VALCO a Tema yake sha. Tamale da injinan dizal ta yi ta lallaɓawa. Sai a 1987 hukumar VRA ta kafa sashen kula da wutar arewa, aka jawo manyan wayoyi daga Kumasi ta Techiman, wutar Akosombo ta iso mana fiye da shekara ashirin bayan an kunna ta.

Da ta iso, abin da kowa ya fara saya bayan ƙwan fitila shi ne fanka. Wato mun sayi kwano, kwano ya kawo zafi, muka koma sayen wuta duk wata don mu kore shi. Sai firji ɗan gwanjo daga Turai, wanda ya gama aikinsa a can, ya zo nan yana zuƙar wuta yana huro ɗumi a cikin ɗakin da ya riga ya yi zafi.

Ina aji biyu a firamare aka yi annobar sanƙarau ta 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum fiye da 18,000 a arewacin Gana, ta kashe sama da 1,300. Likitoci suna danganta yaɗuwar cutar da busasshiyar iska da ƙura da cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Abin da na riƙe daga lokacin shi ne muryar mai shela a rediyo yana cewa a buɗe tagogi, a daina cushewa a ɗaki ɗaya. Mahaifiyata ta dubi 'yar tagarmu, ta ce, "Wacce za a buɗe?" Muka kwashe tabarmi muka koma tsakar gida, sauro ya karɓe mu.

Gyara na uku: ƙwan fitila

A 2006 zuwa 2007 ruwan Akosombo ya ja baya ƙwarai, aka shiga rabon wuta a duk ƙasa. Gwamnatin John Kufuor ta yi wani abu da ba a saba gani ba. Ta sayo ƙwan fitila masu tsimin wuta guda miliyan 6, aka bi gari gari ana raba su kyauta, ana karɓe tsofaffin masu jan haske.

Ina saurayi lokacin, na ga yadda aka yi a layinmu. Matasa suka shigo da kwalaye. Kakata ta tsaya a ƙofar ɗakinta ta ce ba mai taɓa mata ƙwai. Na ce, "Haba Kaka, kyauta ne fa." Ta ce, "Kai maigidan, rufa mini baki. Tun da nake ban taɓa ganin gwamnati ta ba da abu ba ta dawo ta karɓi biyu ba." Da ƙyar ta yarda aka sauya mata ɗaya. Bayan kwana uku ita da kanta ta aike ni in nemo yaran, wai sabon ba ya ƙona mata ɗaki.

Gaskiya ta faɗa. Tsohon ƙwai, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ɗan ragowar ne haske. Sabon mai wat 15 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 yake bayarwa. A ɗaki ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da aka tara na ƙasa duka, Hukumar Makamashi ta ce buƙatar wuta a lokacin da aka fi shanta ta ragu da megawat 124. Don mai karatu ya gane girman abin, madatsar Kpong gaba ɗayanta megawat 160 take bayarwa. An samu kusan kashi uku cikin huɗu na madatsa guda, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba, ba a nutsar da gonar kowa ba.

Daga nan aka yi doka a 2008 da ta hana shigo da tsohon samfurin ƙwai da firji na gwanjo, haramcin firjin ya fara aiki a farkon 2013. Aka kuma fito da tsarin kai tsohon firjinka a rage maka kuɗin sabo mai taurarin tsimin wuta a jikinsa.

Wannan gyara ma yana da nasa aibin. Ƙwan da aka raba yana ɗauke da ɗan sinadarin makuri mai guba, kuma a unguwarmu ba wanda ya dawo karɓar waɗanda suka mutu, bola muka zuba su yara suna fasawa. Bai kuma hana dumsor ba, wato ɗauke wutar da ta addabi ƙasa daga 2012 zuwa 2016. A waɗannan shekarun ne muka gane matsayinmu sosai. Da wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ɗakin kwano da bulo ba ya zaunuwa. Tsofaffi masu hawan jini da jarirai da masu jego su suka fi jin jiki.

Abin da awo ya nuna

Ba zato ba ne kawai. A 2021 wasu masana, ciki har da na Jami'ar Loughborough ta Ingila da na jami'armu ta UDS, suka wallafa sakamakon awon zafi da suka yi a ɗakuna 47 cikin unguwanni takwas na masu ƙaramin ƙarfi a Akara da Tamale. A Tamale sun samu ɗakin da zafinsa ya kai digiri 43. Sun gano cewa ɗakin ƙasa mai jinka ya fi ɗakin bulo mai kwano marar silin sanyi da digiri 4.5 da rana, amma da dare ya fi shi ɗumi da digiri 1.5. Ɗaki mai silin ya fi marar silin sanyi da digiri 6.9 da rana, da dare kuma ya fi shi ɗumi da digiri 1.4. Inuwar bishiya ita ce ta yi amfani dare da rana, ta rage ranakun tsananin zafi da kusan 12 a shekara, darare masu zafi kuma da kusan 15.

Wannan awo ya gyara mini wani kuskure. Na ɗauka ɗakin ƙasa ya fi ta kowace fuska, ashe da dare yana riƙe ɗumi. Shi ya sa kakanninmu suke kwana a waje da bazara, suna da fili da bishiya da kwanciyar hankalin yin haka. Mu mun gine filin, mun sare bishiyar, ga tsoron ɓarayi. Silin kaɗai ma bai isa ba, sai an haɗa shi da tagogi biyu masu kallon juna, da raga a jikinsu, da 'yar kafa a sama da zafi zai fita.

Gyara na huɗu

Ba na kiran kowa ya koma jinka, ni ma ba zan koma ba. Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, gyaran da kowa ya yi shi kaɗai ya magance matsalar gidansa ya jefa wa unguwa wata, wanda aka yi tare kuwa ya ba da riba da ba wanda zai iya samu shi ɗaya.

Akwai inda aka gwada. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutum sama da dubu, hukumar birnin ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka bi unguwannin talakawa ana shafa wa dubban rufi farin fenti da farar ƙasa, domin fari yana mayar da hasken rana. Mu ma mun san farar ƙasa, mun san tabarma da zana da za a iya yin silin mai araha da su, darbejiya kuwa ko ba a roƙe ta ba tana tsirowa a Tamale.

Babban cikas a Zango shi ne gidan haya. Mai gida ne yake da rufi, ɗan haya ne yake shan zafi yake biyan wuta. Mai gida ba ya ganin dalilin kashe kuɗi, ɗan haya ba zai gyara ɗakin da za a iya tashinsa gobe ba. A gidan da ɗaki takwas suke kan mita ɗaya kuma, duk ƙarshen wata sai an yi rigima kan mai firji da mai dutsen guga, wanda ya yi tsimi bai ga ribarsa ba. Wannan ba abin da mutum ɗaya zai warware ba ne. Magana ce ta sarkin Zango da limamai da ɗan majalisar unguwa da ƙungiyoyin matasa da na mata masu adashi. Al'ummar da ta iya haɗa kuɗi ta gina masallaci mai hawa biyu, ta iya ɗaukar layi ɗaya kafin bazara ta yi masa aikin gayya: a shafe kwano da fari, a sa silin a ɗakunan tsofaffi da masu jego tukuna, a faɗaɗa tagogi, a dasa bishiya a ƙofar kowane gida a ɗora wa wani yaro ba ta ruwa, a kuma bar wani sashe na tsakar gida ba siminti. Idan layin ya ga bambanci a jikinsa da kuɗin wutarsa, na gaba ba sai an yi masa wa'azi ba, kamar yadda ba a yi wa kowa wa'azin kwano ba.

Mako biyu bayan wancan kira, na buɗe shirin da wannan tarihi, na ce idan Hajiya tana saurare, ga sauran amsarta: rana ta ɗan sauko, amma mu ma mun hau. Can wajen ƙarshen shiri sai ga ta a layi. Ta ce, "Ɗana, na ji. Darbejiyar gidanmu ni na sa aka sare, shekarar da za a aurar da autana, ana neman wurin ɗaki." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta tambaye ni inda ake samun dashe.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sa mu ga damina lafiya.